Su in sun yi 'yanci ne, mu in mun yi dabbanci

Baffana ne ya turo labarin a zauren danginmu na WhatsApp, ya bi shi da alamar dariya har guda biyar. Wai wani gari a Amurka ya yarda mutum uku ko huɗu su je ofis su yi rajista a matsayin iyali ɗaya. Kafin la'asar mazan gidanmu sun cika zauren da raha. Wannan ya ce dama gaskiya ba ta ɓuya, wancan ya ce ga Turawa nan sun dawo hanyarmu da ƙafarsu. Ni kife wayar na yi a kan tabarma, zuciyata na tafasa, domin Yayata ce ta faɗo mini a rai.

'Yar yayar mahaifiyata ce, kuma ita ce ta biyu a gidan mijinta. Da ya samu aiki a wata ƙasar Turai, lokacin ɗaukar iyali ya yi, sai takardar ta zo da layi ɗaya tak na rubuta sunan mata. Ya rubuta uwargida. Ita aka ce ta yi haƙuri, ana neman hanya. Na ga akwatin da ta haɗa da idona: atamfofi a ninke, turaren wuta a kwalba, daddawa da kuka da yaji kowanne a ƙulle cikin leda biyu don kada wari ya fita a jirgi. Sau uku tana zubar da daddawar nan tana sayen sabuwa. Yau shekara bakwai ke nan. Ita ba sakakka ba, ita ba mai miji ba. Ƙaramin ɗanta a fuskar waya ya san ubansa. A dokar ƙasar da mijinta yake zaune, ita ba kowa ba ce, duk da an ɗaura aurenta da waliyyi da sadaki da shaidu, an raba goro da alawa a gaban jama'ar unguwa.

To wannan gari da Baffa ya turo labarinsa sunansa Somerville, a jihar Massachusetts. A watan Yunin 2020, ana tsakiyar annobar korona, majalisar garin ta yi dokar rajistar zaman tare, ta kuma cire sharaɗin cewa sai mutum biyu. Dalilinsu shi ne a ba mutane damar duba juna a asibiti da samun wasu haƙƙoƙi irin na ma'aurata. Maƙwabcinsu Cambridge, inda jami'ar Harvard take, ya bi sahu a 2021. A 2023 Somerville ta ƙara da dokar hana nuna wa irin waɗannan iyalai bambanci, Oakland da Berkeley na jihar Kalifoniya suka yi tasu a 2024. Abin da ake karewa suna kiransa foliyamori, wato mutum, mace ko namiji, ya kasance da masoyi fiye da ɗaya a lokaci guda, da sanin kowa da yardarsa. Kalmar ba ta daɗe ba, a wajajen 1990 aka ƙirƙire ta. Yanzu manyan mujallun Niyok suna yi mata bango, ana rubuta mata littattafai, ana hira da masu yin ta cikin girmamawa, a ɗauki hotonsu a falo mai tsabta suna shan shayi.

A Amurkar dai, tun 1891 dokar shige da fice ta sa masu mata fiye da ɗaya cikin jerin waɗanda ba a bari su shigo su zauna, kuma har gobe sharaɗin yana nan. Mai neman zama ɗan ƙasa sai ya amsa a takarda ko ya taɓa zama da aure fiye da ɗaya a lokaci guda. Ingila ma tun 1988 ta rufe ƙofa ga mata ta biyu in ta farko ta riga ta shiga. Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai. Gida ɗaya ne mai manya uku, amma sunansa yana canzawa gwargwadon launin fatar masu gidan da nauyin aljihunsu.

Kada wani ya ce mini tausayin mata ne ya haifi waɗannan dokoki. A je a duba tushensu. A 1866 wani alƙalin Ingila, Lord Penzance, ya yanke cewa aure a duniyar Kiristanci shi ne haɗuwar namiji ɗaya da mace ɗaya har mutuwa, ban da kowa, kuma da wannan mudu aka riƙa auna aurenmu a ƙasashen da suka mulka. A 1879 kotun ƙolin Amurka ta tabbatar da hukuncin da aka yi wa George Reynolds, wani ɗan ɗarikar Mormon mai mata biyu. Hujjar da kotun ta kawo ba a ɓoye take ba: ta ce wannan ɗabi'a abin ƙyama ce a wurin mutanen arewaci da yammacin Turai, kuma kafin zuwan Mormon kusan sai a Asiya da Afirka aka san ta. Laifin Reynolds shi ne farar fata ya yi abin da baƙaƙe ke yi. Aka yi ta ɗaure mazan ɗarikar, aka ƙwace dukiyar cocinsu, sai da shugabansu ya sanar da barin al'adar a 1890 sannan aka karɓi Utah a matsayin jiha a 1896.

A Afirka kuwa da yawun addini aka zo. Taron manyan limaman cocin Angilika na Lambeth a 1888 ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba. Ma'anarsa a aikace, ya zaɓi ɗaya ya sallami saura. Ina sauran za su je, wa zai ci da 'ya'yansu? Tun kafin nan wani bishop ɗinsu a ƙasar Zulu, John Colenso, ya yi ta jan hankalinsu cewa korar matan zalunci ne, ba a saurare shi ba. Sai a 1988, bayan shekara ɗari cif, suka sassauta. Shekara ɗari ana watsa gidajen mutane da sunan ceto.

Amma inda abin ya fi ci mini rai shi ne Faransa, don haka bari in ɗan tsaya a nan.

Bayan yaƙin duniya na biyu Faransa ta buƙaci hannaye. 'Yan Mali da Senegal da Muritaniya suka je suka share mata tituna, suka kwashe mata shara, suka tsaya a masana'antun mota. Da suka zauna suka ɗauko iyalansu, kuma a 1980 babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati ta yarda wani ɗan ƙasar Benin ya zauna da matarsa ta biyu. Iyalai suka kafu a kan wannan, aka haifi 'ya'ya, suka shiga makaranta. Kwatsam a watan Agustan 1993 aka yi dokar da ake kira da sunan ministan cikin gida Charles Pasqua, ta hana ba da takardar zama ta dogon lokaci ga mai mata fiye da ɗaya da matan nasa. Matar da ta yi shekaru a unguwannin gefen Paris, ta haihu biyar ko shida, aka ce ko dai ta fita daga gidan mijinta ta nemi nata muhallin, ko ta rasa takarda. Mace ce da sau da yawa ba ta jin Faransanci sosai, ba ta da albashi, a garin da hayar ɗaki ke gagarar masu aiki. An ce don kare mutuncinta aka yi dokar, kuma ita ce ta kwana a tsakiyar titi tsakanin miji da hukuma.

Wane ne shugaban ƙasar da dokar ta fita da sa hannunsa? François Mitterrand. Mutumin da ya yi shekaru da iyali biyu: matarsa ta aure Danielle, da Anne Pingeot wadda ta haifa masa 'ya mai suna Mazarine, suna zaune a gidan gwamnati da masu gadi na gwamnati. 'Yan jaridar Paris sun sani, suka yi gum har zuwa 1994. Da ya mutu a watan Janairun 1996, aka binne shi a Jarnac, matan biyu da 'ya'yansu suka tsaya a gaban akwatin gawarsa, hoton ya zaga duniya, aka yi ta yaba wa Faransawa da wayewa da dattako. Bayan shekara tara, a 2005, da matasan unguwannin talakawa suka yi bore suna ƙona motoci, wani ministan ƙwadago, Gérard Larcher, ya fito ya lissafa auren mata da yawa cikin musabbabin rikicin. Ba rashin aikin yi kaɗai ba, ba wulaƙancin 'yan sanda ba, har da yawan matan iyayensu. Lallai gwano ba ya jin warin jikinsa. Mai sharar titi da ya ɗaura aure a bainar jama'a, ya ba matarsa sunan mata, ya ba 'ya'yansa sunan 'ya'ya, shi ne mai laifi. Shugaban da ya ɓoye tasa shekara ashirin shi ne mutumin kirki.

Yanzu ga inda siyasar masu neman jinsi ɗaya ta shigo. Abin da addinina ya ce a kan wannan lamari na sani, mai karatu ma ya sani, kuma ba shi ya zaunar da ni rubutu yau ba. Dabarar da aka bi nake so a duba. Lokacin da ake fafutukar auren jinsi a Amurka, masu adawa sun riƙa cewa in aka buɗe wannan ƙofa, ta auren mutum da yawa ma za ta buɗe. Mai shari'a Antonin Scalia ya faɗi makamancin haka a 2003. Amsar da manyan lauyoyi da marubutan fafutukar suka riƙa bayarwa ita ce a kwantar da hankali, mu ma mu biyu ne kamarku, gida ɗaya, amana ɗaya, babu abin da ya haɗa mu da waɗancan. Su wane ne waɗancan? Mormon na ƙauye, da Musulmi, da 'yan Afirka. Mutanen da suka ɗanɗani ƙyama suka san zafinta, da suka zo bakin ƙofa sai suka nuna wa mai gadi wasu da suka fi su cancantar a ƙyamata.

A cikin 'yan fafutukar akwai waɗanda suka ƙi wannan hanya, dole in faɗa. Wani marubuci, Michael Warner, ya rubuta littafi a 1999 yana sukar yadda aka mayar da aure shi ne takardar shaidar mutunci, duk wanda ba ya ciki ya zama ragowa. A 2006 ɗaruruwan masana da 'yan fafutuka suka sa hannu a wata sanarwa suna neman doka ta san da zaman iyalai iri-iri, har da gidan da ke da abokan zama fiye da biyu, da kakar da ke riƙon jikoki, da tsofaffin 'yan'uwa da ke kula da juna. Ba su ne suka yi rinjaye ba. A ranar 26 ga Yunin 2015 kotun ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi da alƙalai biyar a kan huɗu, kuma hukuncin ya yi ta nanata mutum biyu. Babban jojin, John Roberts, wanda bai yarda da hukuncin ba, ya nuna cewa hujjojin da aka kawo kusan duka sun hau kan auren mutum da yawa, wanda ma ya fi daɗaɗɗen tushe a al'adun duniya. Ba don ƙaunarmu ya faɗa ba, don ya kayar da hujjar abokan aikinsa ne. Mu a wannan muhawara tasu, hagu da dama, dodo ne kawai da ake tsorata juna da shi.

Da masu foliyamori suka zo neman nasu gurbin, sai suka ɗauki tsani iri ɗaya. A Kanada, a 2011, wata babbar kotu a lardin British Columbia ta duba ko dokar haramta auren mutum da yawa ta saɓa wa tsarin mulki. Ƙungiyar masu foliyamori ta shiga shari'ar tana nanata cewa nasu daban ne, nasu na daidaito ne, ba irin na masu addini ba. Alƙali Robert Bauman ya bar dokar a tsaye, amma ya fassara ta da cewa ba ta shafi masu zaman tare da ba su yi wani bikin ɗaura alkawari ba. A sake karanta wannan da kyau. Ka zauna da mata uku babu alkawari, babu shaidu, babu wanda zai kama ka. Ka tara mutane ka ce na ɗauki nauyinsu, ka shiga hannun doka. A 2015 gwamnatin Stephen Harper ta yi wata doka da ta sa kalmar dabbanci a cikin sunanta ƙarara, ta jera auren mata da yawa a ciki. Bayan shekara uku, a 2018, wata kotu a Newfoundland ta amince maza biyu da mace ɗaya duk su zama iyayen yaro guda a takarda.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce a foliyamori mace ma tana da damar da namiji yake da ita, kuma kowa da yardarsa ya shiga, alhali a wurinmu namiji ne kaɗai ke ƙarawa, sau da yawa uwargida a bakin maƙwabta take jin labari. Wannan bambanci ne na gaske. Za a ce a wasu ƙauyukan Mormon masu tsauri an aurar da yara ƙanana ga tsofaffi, an kori samari don kada su yi takara. Wannan ma ya faru, kuma duk wanda ya yi ya cancanci kurkuku. To amma in mace ce abin damuwa, me ya sa ba wanda ya tambayi Yayata ko da yardarta ta yi aurenta? Me ya sa hukuncin a kanta yake sauka, mijin yana can yana karɓar albashi? Dokar hana auren dole tana nan, ta hana aurar da yara tana nan, ta duka da cin zarafi tana nan, a yi aiki da su mana. Jihar Utah kanta a 2020 ta rage laifin daga babba zuwa ƙarami irin na tara, kuma hujjar masu dokar ita ce tsoron kamu ya sa matan da ake zalunta ba sa iya zuwa wurin 'yan sanda. Sai da suka shafe fiye da ƙarni ɗaya kafin su gane cewa matar da ka mayar da aurenta laifi ka toshe mata baki ne. Sun gane a kan matansu farare. Ta Bamako da ta Kano har yanzu ba ta kai a gane a kanta ba.

Sai ku, mazan zaurenmu. Kada ku ɗauka wannan rubutu goyon bayanku ne, domin rabin fushina naku ne.

Ba hanyarku Turawa suka dawo ba, kuma ko da ita ce, ku kanku kuna kanta? Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa kusan kashi 2 cikin ɗari ne na mutanen duniya ke zaune a gidan mata fiye da ɗaya, amma a Najeriya kashi 28 ne, a Mali 34, a Burkina Faso 36. Wato wannan ba labarin mujalla ba ne a wurinmu, rayuwar miliyoyin mata da yara ce. Ayar da kuke kafa hujja da ita, ta uku a Suratun Nisa'i, da sharaɗin adalci ta zo, ta kuma mayar da wanda ke tsoron kasawa ga mace ɗaya. Rabin farko kuka haddace.

Ni a gidan mata biyu na tashi. Na ga kakana yana zaune a bakin rumbu ranar awo, mudu ɗaya yake aunawa da shi, ya shafe bakinsa da tafin hannu ga wannan ɗaki, ya shafe ga wancan. Atamfar Sallah turmi biyu iri ɗaya, kwana bibbiyu ba ya tsallakewa ko da fushi yake. Duk da haka na ga hawaye a gidan nan, domin kishi ba ya jin mudu. To in mai auna adalci da hannunsa bai hana kuka ba, ina ga wanda bai ma san inda mudun yake ba? Mai ɗaki ciki da falo na haya, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, an biya shi wasu 'yan kuɗin ariyas sai ya tafi neman aure. Amarya ta shigo, uwargida ta koma mai wanke-wanke. In ta yi magana a ce ba ta da tawakkali. In ta ƙara, saki ya iso ta saƙon waya, ta yi idda a gidan ubanta saɓanin abin da shari'a ta ce, ta kwashi yara huɗu babu ko kwanon masara. Yaran nan su ne a bakin titi da robar bara da farantin talla. Da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu ya kawo maganar dokar iyali a 2017, wadda za ta hana marar hali ƙara aure, ai ca aka yi masa kamar ya taɓa ginshiƙin addini. Ƙasar Maroko tun 2004 sai alƙali ya duba halin mutum ya kuma ji ta bakin matarsa kafin ya ƙara, kuma ba wanda ya ce sun bar Musulunci.

Mijin Yayata ma ba Bature ne ya hana shi aiko da kuɗin makaranta a kan lokaci ba. Ba dokar shige da fice ce ta hana shi zuwa hutu ya yi mata ko wata ɗaya a shekara ba. Dokar ta ba shi inuwar fakewa, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a ciki. Can an goge sunanta daga takarda, nan an goge ta daga lissafi, kuma duka ɓangarorin biyu suna rantsuwa cewa mutuncin mace suke karewa.

Saboda haka Baffa, da girmamawa nake roƙonka. Kai ne babba a zauren nan, maganarka ake ji. Ka bar mutanen Somerville da rajistarsu, ka kira surukin nan naka a waya a daren yau. Ka ce masa ko dai ya zo ya sauke haƙƙin 'yarku, ciyarwa da kwana da kuɗin makarantar yara, ko ya sawwaƙe mata ta san matsayinta. Akwatinta yana nan a saman sif, shekara bakwai, ba ta kwance shi ba.